Kogin da Ya Raba Kaduna: Tsoro, Al'ada da Zubar da Jini Tsakanin Maƙwabta



An nemi in yi magana a kan abin da ilimin halayyar ɗan'adam yake faɗa game da rikici tsakanin al'ummomin da ke zaune wuri guda amma addini ko yare ko asali ya bambanta su. Fagen yana da faɗi, don haka zan kafa ƙafata a gari ɗaya, wato Kaduna, in riƙa leƙa wasu ƙasashe ina dawowa.

Duk wanda ya san Kaduna kafin shekarar 2000 ya san gari ne da aka gauraya. Ma'aikacin masaƙa daga Binuwai da ɗan kasuwa daga Katsina suna haya a gida ɗaya, matansu suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya. A watan Fabrairun 2000 gardamar Shari'a ta rikiɗe ta zama kashe-kashe, aka sake yi a watan Mayu, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa mutum 2,000 ne aƙalla suka rasa rayukansu. A Nuwamban 2002 rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya sake cin kimanin mutum 250. Bayan waɗannan sai aka shiga ƙaura a cikin gari. Musulmi suka bar Sabon Tasha da Unguwar Talabijin da Narayi suka nausa arewa, Kiristoci suka bar Rigasa da Tudun Wada da Kawo suka tsallaka kudu. An yi musayar gidaje, wasu sun sayar da nasu a wulaƙance. Kogin Kaduna, wanda a da gada kawai ake bi a tsallake shi, ya zama iyaka a cikin zukatan mutane.

Ban ga laifin wanda ya ƙaura ba. Mutumin da aka ƙona masa gida, ya kwana a barikin soja da iyalinsa, ba wanda zai ce masa ya koma ya zauna inda aka nemi ransa. Amma magana ɗaya nake so in kafa a yau: wannan rabuwar da muka ɗauka magani, ita kanta tana renon cutar. Zan yi ƙoƙarin nuna dalili.

Mu fara da abin da yawancinmu muka yi imani da shi, cewa bambanci ne yake jawo faɗa. Da haka ne, da Tanzaniya mai ƙabilu sama da 120 ta fi ko'ina zubar da jini, amma ba haka tarihinta ya nuna ba. Ruwanda kuwa, inda aka kashe mutum tsakanin 500,000 zuwa 800,000 cikin kwana ɗari a 1994, Hutu da Tutsi yarensu ɗaya, Kinyaruwanda. Coci ɗaya suke zuwa, suna auratayya, a kan tudu ɗaya suke noma. Somaliya ma yare ɗaya ne, addini ɗaya, kuma mun ga abin da ya same ta. Ashe ba girman bambanci ba ne abin dubawa. Abin dubawa shi ne yadda ake ɗaukar bambancin a mayar da shi layin da ya raba "mu" da "su".

Wanda ya fi kowa nuna sauƙin jan wannan layi shi ne Henri Tajfel. Bayahuden Poland ne, ya yi yaƙin duniya na biyu a rundunar Faransa, Jamusawa suka kama shi fursuna, da aka sake shi ya tarar an hallaka kusan duk danginsa. Sauran rayuwarsa ya ƙarar da ita yana tambayar yadda aka yi haka ta faru. A wajajen 1970, a jami'ar Biristol ta Ingila, ya tara 'yan makaranta masu shekara 14 zuwa 15, ya nuna musu zane-zanen wasu masu zane biyu, Klee da Kandinsky, ya ce kowa ya zaɓi wanda ya fi burge shi. Daga nan aka gaya wa kowane yaro a asirce rukunin da yake. Bai san sauran 'yan rukunin nasa ba, bai gan su ba, babu gaba, babu tarihi. Sai aka ba shi dama ya raba kuɗi tsakanin wasu yara biyu da lamba kawai ya sani da sunan rukuninsu. Yaran suka riƙa fifita ɗan rukuninsu. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, sau da yawa sukan zaɓi nasu ya sami kaɗan, muddin ya fi na ɗaya ɓangaren, maimakon kowa ya sami da yawa. Ku tuna da wannan duk lokacin da kuka ji wani yana cewa gara a fasa aikin gaba ɗaya da a kai shi unguwar su wane.

To amma yaran Tajfel ba su kashe kowa ba. Son naka daban, ƙin wani daban. Kowace al'umma a duniya tana son nata, kuma mafi yawan lokaci ana zaune lafiya. Me ke tsallakar da mutum daga fifita nasa zuwa ɗaukar adda?

Mataki na farko shi ne a sa mutane takara a kan abin da in ɗaya ya samu ɗaya ya rasa. Muzafer Sherif, mutumin Turkiyya da ya koma Amurka, ya gwada wannan a 1954 a wani sansanin hutu da ake kira Robbers Cave a jihar Okalahoma. Yara 22 ne, masu shekara 11 zuwa 12, launin fata ɗaya, addini ɗaya, daga gidaje masu rufin asiri. Aka raba su biyu, aka shirya musu gasa mai kyauta wadda rukuni ɗaya kaɗai zai ɗauka. Kafin a je ko'ina an ƙona tutar juna, an fasa ɗakin kwanan juna, ana tara duwatsu a cikin safa. Shekara ɗaya kafin nan Sherif ya yi irin wannan gwaji bai yi nasara ba, domin yaran sun riga sun zama abokai kafin a raba su, da aka yi ƙoƙarin haɗa su faɗa sai suka gane manyan ne ke kitsa abin, suka ƙi. Wannan gwajin da ya lalace ya fi mini wanda ya yi nasara amfani, domin ya nuna cewa sanayyar da ta riga fitina zuwa takan hana ta kama wuta.

Mu dawo gida mu ga irin gasar da muka shirya wa kanmu. Takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ita ce ƙofar samun gurbin karatu, tallafin karatu, aikin gwamnati, shiga soja ko 'yan sanda. Mutum a haife shi a gari, a haifi ubansa a garin, amma a ce masa baƙo ne. Ɗaya ɓangaren kuma yana ganin in aka buɗe ƙofar nan, ƙasar kakanninsa da sarautarsa sun tafi. Kowanne tsoronsa na gaske ne. Tun da gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ake jan wannan igiya a kan wa ke da garin. Rikicin 7 ga Satumban 2001, wanda ya ci kimanin mutum 1,000 cikin kwanaki kaɗan, an ce ya fara ne daga wata mata da ta nemi wucewa ta hanyar da aka tare don sallar Juma'a. Amma makonni kafin ranar ana ta zaman ɗarɗar a kan naɗin wanda zai shugabanci shirin yaƙi da talauci a ƙaramar hukumar. Na Zangon Kataf a 1992 daga batun tashin kasuwa ya faro. Muƙami, kasuwa, fili, sarauta: waɗannan ne kyautar da rukuni ɗaya kaɗai zai ɗauka, addini da ƙabila kuma su ne tutar da ake kafawa a kai.

Mataki na biyu shi ne tsoro, kuma a nan nake so in daɗe, domin a nan muka fi kuskuren fahimta. Muna ɗauka cewa mai kisa a rikici mutum ne da ƙiyayya ta daɗe tana cin zuciyarsa. Wani mai bincike, Scott Straus, ya shiga gidajen yarin Ruwanda ya tattauna da mutum kimanin 200 da aka samu da hannu a kisan 1994. Ya tarar yawancinsu manoma ne magidanta, irin kowa, da dama suna da maƙwabta Tutsi da suka yi zaman lafiya da su, wasu har surukai. Abin da suka fi ambata shi ne yaƙi da tsoro da matsin lamba. An harbo jirgin shugaban ƙasa, 'yan tawaye suna matsowa, hukuma ta ce maƙiyi yana cikinku, rediyon RTLM yana kiran Tutsi kyankyasai dare da rana. Sannan ga mutanen unguwarku tsaye a ƙofar gidanka da makamai suna cewa ka fito. Wanda ya ƙi, shi ma ransa yana cikin haɗari. Wannan bai wanke kowa daga laifi ba. Yana dai nuna mana inda wutar take kamawa.

Ku saurari abin da matasanmu suke faɗa bayan ƙura ta lafa. Da wuya ka ji wanda ya ce ya fita ne don ya kai hari. "Cewa aka yi suna nan zuwa." "Kare unguwa muka fita yi." "An ce sun gama da 'yan'uwanmu a can." A tsallaken kogi ma kalmomin ke nan, ba a canza ko ɗaya ba. Ɓangarori biyu kowanne yana kare kansa, gawarwaki kuma suna taruwa. Kuma wa zai ƙaryata "an ce"? A da, in aka ce Kiristoci suna tara makamai a coci, akwai wanda zai ce ƙarya ne, gidana yana jikin cocin, jiya ma ni na gyara musu wuta. In aka ce an yi huɗuba a masallaci a fito a yi kisa, akwai matar da za ta ce shagona yana ƙofar masallacin, na ji huɗubar da kunnena. Ƙaurar da muka yi ta kwashe waɗannan shaidu. Yanzu jita-jita tana shiga unguwa ba ta tarar da kowa da zai tare ta.

Wayar hannu ta ƙara wa abin gudu. A watan Yunin 2018, lokacin kashe-kashen Barikin Ladi a jihar Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa daga wurin suke. Binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikin bidiyoyin a Kwango Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. Amma kafin gaskiya ta fito an tare hanya, an fito da matafiya daga motocinsu an kashe. Mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Yanzu ina al'ada ta shigo? Ba zan yarda da masu cewa akwai al'ummar da jininta na faɗa ne ba. Kowace al'ada tana ɗauke da abin da zai iya hura wuta da abin da zai iya kashe ta. Muna da tarbiyyar da ke gaya wa yaro cewa namiji ba ya gudu, cewa wanda bai rama ba rago ne, cewa abin da aka yi wa ɗaya an yi wa dangi. A ranar rikici wannan tarbiyya ce ke fitar da yaron da zuciyarsa ba ta so, don kada a ce da shi mace. Kuma ita ce ke halatta ramuwar gayya a kan wanda bai yi komai ba, don kawai sunansa ya yi kama da na wanda ya yi.

Amma kakanninmu sun bar mana wani abu da ya kamata masana su ɗauke shi da daraja, wato wasan barkwanci tsakanin al'ummomi. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe. Wasu daga cikin waɗannan sun gwabza yaƙi a tarihi. Aka mayar da tsohuwar gaba ta zama tsokana, aka ɗora mata doka: ka faɗa wa abokin wasanka duk abin da ka ga dama, amma ba ka zubar da jininsa, kuma in ya shiga uku kai ne na farkon tsaya masa. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki abin da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gadon ɗan'adam a 2014. Sai dai wasa ba ya yiwuwa da wanda ba ka gani. Yaron da aka haifa a Rigasa bayan 2000, da takwaransa na Sabon Tasha, yau sun zama magidanta, kuma da yawansu ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba.

A cikin waɗancan kwanaki na kashe-kashen Barikin Ladi a Yunin 2018, wani limami dattijo a ƙauyen Nghar, Malam Abdullahi Abubakar, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Da aka tambaye shi dalili, cikin abin da ya ambata har da cewa shekaru da dama da suka wuce Kiristocin yankin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin. Imaninsa ne ya tsayar da shi, babu shakka, amma imanin ya sami tsohuwar amana da ya jingina da ita. Ya san fuskokin waɗanda ya ɓoye.

Wani zai ce wannan labarin mutum ɗaya ne. To ga na birane. Ashutosh Varshney ya bi diddigin rikicin Hindu da Musulmi a Indiya daga 1950 zuwa 1995, ya tarar birane takwas kacal ne suka ɗauki kusan rabin mace-macen. Ya kwatanta Aligar da Kalikut, waɗanda yawan Musulminsu ya yi kusa da juna. Aligar ta sha ƙonewa, Kalikut kuwa ta tsira ko a lokacin da aka rushe masallacin Babri a 1992. Bambancin da ya gano shi ne a Kalikut Hindu da Musulmi suna cikin ƙungiyar 'yan kasuwa ɗaya, ƙungiyar ƙwadago ɗaya, ɗakin karatu ɗaya. In jita-jita ta taso akwai wanda za a kira a ɗaya ɓangaren, kuma kowa yana da abin da zai yi asara in kasuwa ta ƙone.

Sherif ma haka ya gani a ƙarshen gwajinsa. Da ya tara yaran nan su ci abinci tare ko su kalli fim, jifan juna suka yi da abincin. Ba su sauko ba sai da ruwan sansanin ya ɗauke dole kowa ya sa hannu a gyara, motar abinci ta ƙi tashi dole aka haɗu aka ja ta da igiya. Gordon Allport, a littafinsa na 1954 a kan ƙyamar wani jinsi, ya riga ya ce haɗuwa kaɗai ba ta isa ba: sai an haɗu a matsayi ɗaya, a kan buƙata ɗaya, kuma hukuma ta goyi bayan haɗuwar.

An gwada wannan a Kaduna kanta, kuma sakamakon ya cancanci kowane mai mulki ya san shi. Alexandra Scacco da Shana Warren sun zaɓo samari 849, Musulmi da Kirista, daga unguwannin talakawa da rikici ya fi shafa. Aka ba wasu daga cikinsu horon kwamfuta na mako 16. Wasu azuzuwan an gauraya, wasu kuma addini ɗaya ne zalla. Ba a yi musu wa'azin zaman lafiya ba, kwamfuta kawai aka koya musu. Da aka buga sakamakon a 2018, sai ga shi ra'ayin samarin game da ɗaya addinin bai canza ba. Mummunan zaton yana nan. Amma da aka ba su kuɗi su raba, waɗanda suka zauna a gaurayayyen aji sun fi yin adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba. Da masu binciken suka duba da kyau, sai suka ga cewa waɗanda aka ware a aji na addini ɗaya ne nuna bambancinsu ya ƙaru, har ya wuce na waɗanda ba su shiga horon ba sam.

Jama'a, ku auna wannan. Mako 16 na zama da naka zalla ya isa ya ƙara maka fifita naka a kan wani. To ina ga shekara ashirin da ɗoriya? Unguwa ɗaya, makarantar firamare ɗaya, kasuwa ɗaya, filin ƙwallo ɗaya, duk na masu addini ɗaya. Ba ma buƙatar mai wa'azin ƙiyayya, tsarin zaman kansa yana yin aikin. Binciken kuma ya sauƙaƙa mana wani nauyi. Ba lallai sai mun canza abin da ke zuciyar mutum kafin a zauna lafiya ba. Zuciya tana da wuyar juyawa, amma hannu yana koyon adalci tun kafin zuciya ta biyo baya.

Shi ya sa nake ganin ƙarfin da muke zubawa a tarukan zaman lafiya na manyan otal ya yi yawa. Malamai da fastoci su zauna, a yi addu'a, a ɗauki hoto, a watse. Ba na raina haɗuwar shugabanni. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa jagorantar matasa a ɓangarori masu gaba, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, ɗaya ya rasa hannunsa, sun haɗu tun 1995 suna aikin sulhu, kuma abin da ya ba aikinsu ƙarfi shi ne shiga unguwa da suke yi, wurin samarin da ke ɗaukar makami. Yaron da zai fita ranar rikici ba ya zuwa otal. Yana garejin kanikawa, yana tashar mota, yana majalisar mai shayi.

Akwai kuma abin da ilimin halayya ba zai iya yi wa hukuma ba, wato hukunci. Tun daga Kafanchan a 1987 ake kafa kwamitocin bincike bayan kowane rikici, a Filato kaɗai an kafa da dama, amma waɗanda aka hukunta ba su taka kara sun karya ba in aka kwatanta da yawan rayukan da suka salwanta. Mutumin da ya ga wanda ya kashe ɗansa yana yawo a kasuwa ya koyi darasi biyu: hukuma ba za ta kare shi ba, kuma kisa a cikin taro ba shi da sakamako. Daga nan sai ya koma ga danginsa da addininsa neman kariya, layin "mu" da "su" ya ƙara kauri.

Abin da ke hannunmu ba ƙarami ba ne. Ba za a tilasta wa kowa komawa tsohuwar unguwarsa ba, amma kowace shekara gwamnati da ƙungiyoyi suna yanke shawarar inda za a gina makarantar sakandare, inda za a kafa cibiyar koyon sana'a, yadda za a raba rumfunan sabuwar kasuwa da gidajen da aka gina wa ma'aikata. Sau da yawa, don gudun fitina, sai a yi biyu, ɗaya a arewacin kogi ɗaya a kudu. Ina roƙon waɗanda ke da ta cewa a cikinku su riƙa yin ɗaya, a wurin da kowa zai iya zuwa ya koma gida lafiya, a gauraya ajin, a haɗa yara biyu a kan na'ura ɗaya. Shugabannin ƙungiyar direbobi da ta 'yan kasuwa da ta masu Keke Napep, ku ne kuka riƙe ragowar wuraren da har yanzu ake cuɗanya a Kaduna da Jos. Kada ku yarda a raba muku ƙungiya gida biyu, kuma kowane shugaban reshe ya riƙe lambar wayar takwaransa na tsallake, ya san zai ɗauka ko da tsakar dare ne.